Kafin a Sauke Tifar Yashi ta Farko

Makon jiya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a wata makarantar sakandare, ya tare ni a bakin ofis cike da fara'a. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, Allah Ya yi. Na samu fili, har na yi cinikin bulo dubu ɗaya. Na zo a sa mini albarka, a kuma ba ni shawarar maginin da zan ɗauka." Na taya shi murna har cikin zuciyata, domin na san irin yunwar da malamin makaranta yake haɗiyewa kafin ya tara kuɗin fuloti. Daga nan na tambaye shi takardar da ke hannunsa. Ya zaro waya ya nuna mini hoton takarda guda ɗaya tak: sunan mai sayarwa, sunansa, adadin kuɗi, shaidu biyu, sai hatimin mai unguwa. Na ce masa ya kira mai bulo ya dakatar da shi.

Na ga yadda fuskarsa ta sauya, kamar wanda ya zo ɗaurin aure aka ce masa an ɗaga. Amsar da nake da ita ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ofis, shi ya sa na yi masa alkawarin zan rubuta ta a wannan fili, musamman da yake ba shi kaɗai ne ke kan wannan gaɓa ba.

Ni ba injiniya ba ne, ba kuma lauya ba. Abin da nake taƙama da shi a wannan fage shi ne shekara takwas da na yi ina gina gidan da nake ciki yanzu, da kuma asarar da na tafka da hannuna. Filina na awon igiya ne. Ga wanda bai san kalmar ba, gona ce mai ita ya ga gari ya matso, sai ya kira masu awo suka yanka masa ita fuloti-fuloti, ya bar layuka gwargwadon faɗin da ransa ya so, ba tare da hukuma ta tsara komai ba. Ranar ciniki dillali ya taka mini iyaka da ƙafarsa, muka kafa turaku huɗu, aka yi addu'a aka watse. Na zagaye katanga, na haƙa sokawe a gaban gida, na kai gini linta. Wata safiya mai gadi ya kira ni ya ce in zo in ga abin da aka rubuta. Na tarar da jan fenti a jikin katangar gaba. Ashe a tsarin gwamnati titi ne zai ratsa unguwar, kuma faɗinsa ya zarce layin da mai gona ya bari. Kusan ƙafa goma na gabana duk na titi ne. Katangar gaba ta tafi, sokawe ya tafi, kuma babu wanda zan riƙe. Taswirar da ta nuna titin tana nan ajiye a ofis tun kafin in san akwai filin. Ban je na duba ba ne kawai, ni da nake tsare ɗalibai a kan kada su rubuta jimla guda ba tare da sun bincika tushenta ba.

Wannan ne ya koya mini cewa mai gina gidan kansa yana kashe kuɗi ne a bisa tsarin da ido ya shimfiɗa masa. Abin da za a gani daga titi shi ke samun kaso mafi tsoka: ƙofar get, tayil, fenti, rufin zamani. Abin da ba a gani, wato takarda da abin da ke binne a ƙasa, shi ake yi wa ƙwauro. Alhali waɗannan biyun ne kaɗai ba sa gyaruwa da araha bayan an wuce su.

Mu fara da takardar. Da yawanmu muna cewa mun "sayi ƙasa", amma a idon doka ba ƙasa muka saya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu 'yan Arewa ba baƙin wannan tsari ba ne, domin an gina dokar ne bisa tsarin da ke aiki a nan tun zamanin Turawa, wanda Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da shi. Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani. A cikin birni gwamna ne ke bayar da shi, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana da ikon bayar da irin na gargajiya. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa ya fi sani da C of O, shaida ce ta wannan haƙƙi, kuma ta gidan zama galibi wa'adin shekara 99 take ɗauke da shi. An kuma ɗaure dokar a jikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, saboda haka sauya ta sai an bi hanya mai wuya irin ta gyaran kundin.

Abubuwa biyu a cikin dokar sun shafi ɗalibin nawa kai tsaye. Na farko, sashe na 22 ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan sharaɗi a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba ta rushe. Ke nan ko filin da ka saya yana da C of O, muddin sunan wani ne a kai, aikinka bai ƙare ba sai ka bi an mayar da shi sunanka. Na biyu, sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin don amfanin jama'a, kamar titi ko makaranta ko asibiti, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya. Amma a lura, diyyar ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, gini ko amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya saka miliyoyi a fili ya bar shi fayau yana jiran ya yi daraja, ya san da wannan.

Ba ina raina takardar mai unguwa ba ne. Tana da amfaninta, domin mai unguwa da dagaci su suka san gonar wane ce, wa ya gada, wa ya taɓa rigima a kanta, kuma wannan ilimi babu shi a kwamfutar kowace hukuma. Sai dai takardar tasu shaida ce cewa an yi ciniki. Ba ta faɗa maka ko gwamnati ta riga ta karɓi gonar ta biya diyya shekaru ashirin da suka wuce, ko an ware wurin don makabarta, ko wani yana can da C of O a kan wurin. Wannan sai a ma'aikatar ƙasa da hukumomin da ke ajiye taswirar filaye, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Ka ɗauki mai safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin, a ɗora su a kan taswirar gwamnati, a ga abin da ke ƙasa. Da na yi wannan da ban haƙa sokawe a tsakiyar titi ba.

Akwai kuma matsalar gado, wadda a ganina ta fi kowace cin mutane a ƙasar Hausa. Yawancin filayen bayan gari gonakin gado ne. Babban wa ya sayar, ya ce da yawun 'yan'uwa yake magana, kai kuma ka ji kunyar tambaya. Bayan shekara biyar wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta ji labari ta garzaya kotu. Tana da gaskiya kuwa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'armu suke aiki da shi ma akwai haƙƙin shuf'a: idan ƙasa ta tarayya ce ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Saboda haka ka tambaya: an raba gadon? A ina aka raba? Ina takardar rabon? Idan ba a raba ba, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu a gabanka. Mai sayarwar da ya fusata saboda wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Bayan mallaka sai izinin gini, wanda da yawa suke ɗauka na masu gidan bene ne kawai. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 da dokokin jihohi sun wajabta neman izini kafin a fara gini, kuma hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ke bayarwa. Ana kai zanen gida daga mai zanen gine-gine mai rajista, idan akwai bene a haɗa da lissafin injiniya, tare da shaidar mallakar fili. Abin da ake dubawa ba wani abin mamaki ba ne: tazarar da ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta, hanyar iska da haske, inda ruwan gidanka zai bi, da nisanka da abubuwan haɗari. Manyan wayoyin lantarki, alal misali, suna da harabar da aka hana gini a cikinta, mai faɗin mita 30 ga layin kilobolt 132, mita 50 kuma ga na kilobolt 330. Filin da ke ƙarƙashinsu yakan yi araha, kuma dalilin arahar yana rataye a saman kanka.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa: bin waɗannan ofisoshi yana cin kuɗi da lokaci da takalmi, kuma talaka yana ganin masu hali suna gini a kan magudanar ruwa ba wanda ya ɗaga musu yatsa. Wannan ƙorafi gaskiya ne. Laifin yaɗuwar awon igiya ba na masu saye kaɗai ba ne. Gari yana faɗaɗa kowace shekara, gwamnatoci ba sa fitar da sababbin filaye masu tsari da saurin da jama'a ke ƙaruwa, waɗanda aka fitar kuma sau da yawa sukan ƙare a hannun waɗanda ba gini za su yi ba. Sai mai gona da igiyarsa su cike giɓin. Haka kuma takarda ba laya ba ce. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauran wurare, ya shafi mutanen da gwamnatin da ta gabata ce ta ba su wuraren. Sai dai a duba abin da ya biyo baya: masu shagunan filin Idi sun je kotu, kotu kuma ta yanke a biya su diyya. Takarda ce ta ba su bakin magana. Ni da jan fentina ko ƙofar lauya ban nufa ba, domin na san abin da zai fara tambayata.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda na san ita ɗalibin nawa ya fi son ji. Duk wanda ya ce maka ga adadin da gida mai ɗaki uku zai ci, ka tambaye shi a wane wata yake magana. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira dubu biyar ba. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ya haura dubu goma a wurare da dama, har sai da ministan ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka sanar da farashi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Simintin a gida ake yin sa, a Obajana da Kalambaina da Ashaka, amma man da ke ɗauko shi da kayan gyaran injinan duk suna bin dala. Rodi da kwanon rufi da wayar lantarki kuwa ba a magana.

Saboda haka shawarata ita ce mutum ya daina lissafin gida da naira, ya koma lissafi da kaya. Naira tana narkewa, adadin bulo ba ya canzawa. Ga misali da kowa zai iya bi da biro. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kewayensa ƙafa 300 ne, wajen mita 91. Tsawon bulo ɗaya da simintin ɗauri ya kusa rabin mita, ke nan jeri ɗaya na katanga yana cin bulo kusan 200. Idan ka yi jeri goma sha biyu, har da waɗanda ke cikin ƙasa, ka tashi da bulo wajen 2,400. Idan ana fitar da bulo talatin a buhu, buhu tamanin ke nan na bugun bulon kawai, ba a zo ga na ɗauri da ginshiƙai da filasta da ladan birkila da leburori ba. Bulo dubun da ɗalibina ya yi ciniki ko rabin katanga ba zai zagaye ba, kuma bai aza ko ɗaki ɗaya ba tukuna. Mai ƙididdigar kayan gini zai yi maka irin wannan lissafi na gidan gaba ɗaya, daga fandisho har rufi, a 'yan shafuka. Da wannan takarda a aljihu, duk wata sai ka ninka da farashin ranar, ka san inda kake. Tana kuma rage yawan "Alhaji, siminti ya ƙare" da ake kiran mutum da shi yana tsakiyar aji.

Na ambaci bulo talatin a buhu da gangan. Bulo mai inci tara da za a dogara da shi bai kamata ya wuce wannan adadi da yawa ba, amma a kasuwa akwai masu matse buhu ɗaya ya haifi hamsin ko fiye. Da ido duk ɗaya suke. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri, ko ka goga gefensa da babban yatsa. Idan ya wargaje ko yashi ya biyo hannunka, ka bar shi ko da kyauta ne. In da hali ka sayi simintinka a buga a gabanka, a kuma yi ta ba shi ruwa na aƙalla mako guda. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so; kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma zafin watan Afrilu yana iya ƙona shi tun kwana biyun farko idan aka bar shi babu ruwa. Haka rodi: ka riƙe abin awo ka tabbatar mai milimita 12 da ka biya shi aka kawo, ka kuma tsaya a wurin ranar zuba kankare kana ƙirga kwanon sarki nawa na yashi da tsakuwa ake zuba wa buhu ɗaya. Ranar nan ta cancanci mutum ya nemi izini a wurin aiki.

Amma duk wannan yana bayan sanin ƙasar da za ta ɗauki ginin. Kada ka sayi fili da rani. Idan ya zama dole, to kada ka fara gini sai ka ziyarce shi a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda ruwan unguwa yake taruwa da inda yake bi. A manyan garuruwanmu an cike kududdufai da yawa da bola an mayar da su fulotai, ginin da aka ɗora a kansu kuma yakan zauna ya tsage. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda fandishon da ya isa a jigawa ba zai isa a kanta ba. Tsofaffin unguwa sun san tarihin kowane kwari, tambayarsu kuma kyauta ce. Sannan a ɗaga dandamalin gida ya fi titi tsawo sosai, domin duk ranar da aka zo yin kwalta titin ne zai hau, gidanka ya koma rami.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba shi ne zaman rijiya da sokawe. Masana lafiya suna son a bar tazarar da ba ta gaza mita 15 ba tsakaninsu, wasu ma sun ce 30. To fulotin namu gaba ɗayansa mita 15 ne a 30, kuma maƙwabcinka ma yana da nasa ramin a jikin katangarka. Wannan magana ce da ake yi da maƙwabta tun kafin kowa ya haƙa, ba bayan yara sun fara zaryar asibiti ba.

Game da bene kuwa ba ni da sassauci. Birkila komai ƙwarewarsa ba shi ne zai yanke yawan rodin da dakin zai ci ba, kuma fandishon da aka yi don gidan ƙasa ba a ɗora masa bene don kawai kuɗi sun shigo daga baya. Mun ga benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, mun kuma ga makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu. Injiniya mai rajista da COREN ladansa bai kai kuɗin tayil ɗin falo ba.

Ta ina kuɗin za su fito? Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikata da yawa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga ciki a kan ruwan kashi shida, a biya har cikin shekara talatin. Da yawanmu muna kauce masa saboda riba, waɗanda suka nema kuma abin da ake fara tambayarsu shi ne takardar filin, ka ga mun sake dawowa inda muka fara. Saura sai adashi, da ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, da haƙuri. Wanda zai yi gini da albashi ya sa a ransa cewa aikin zai tsaya, ba sau ɗaya ba. Nawa ya tsaya cik a 2022, lokacin yajin aikin wata takwas na malaman jami'a da aka riƙe mana albashi, damina guda ta sauka a kan bangon da babu rufi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya baza fandishon ɗaki shida da falo biyu lokaci guda. A zana gidan gaba ɗaya, a sami izininsa gaba ɗaya, amma a tsara shi yadda za a iya kammala ɓangare guda, ɗaki biyu da kicin da banɗaki, a rufe a shiga. Kuɗin hayar da aka huta biya shi zai gina sauran. Kangwayen da suka cika bayan garuruwanmu, waɗanda ciyawa ta fito a falonsu, yawancinsu ba rashin kuɗi ne ya fara kashe su ba, girman da aka ɗebo ne.

Ɗalibin nawa ya sake kirana shekaranjiya. Ya ce mai bulo ya yarda ya riƙe masa kuɗinsa zuwa wata guda, ya kuma samu mai safiyo za su je filin ranar Asabar. Sai ya ƙara da cewa, cikin sanyin murya, da ya koma ya tambaya ya gano gonar ta gado ce, magada tara ne, kuma mutum biyu ne kawai suka sa hannu a takardarsa. Na ce masa ya nemo sauran bakwai ɗin tun ana ganin juna da mutunci, ya fara da matan.